Suwicin netwok ya ƙi aiki: tambayoyi da amsoshi kan gano matsala da gyaranta

Suwici shi ne akwatin nan mai ramuka a jere, inda wayoyin kwamfutoci, firinta, kyamarori da rauta suke haɗuwa. Ba a tunawa da shi sai ranar da aiki ya tsaya, kuma ranar kowa shi yake nunawa da yatsa. Abin da ya sa na haɗa waɗannan tambayoyin shi ne yawan lafiyayyun suwici da nake gani an kwance an jingine a gefe, alhali laifin na wata 'yar guntuwar waya ne, ko adafta, ko saitin da wani ya taɓa ya manta. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Netwok ya tsaya. Daga ina zan fara?

Kafin ka taɓa komai, ƙirga waɗanda abin ya shafa. Idan mutum ɗaya ne, matsalar tana tsakanin kwamfutarsa, wayar netwok ɗinsa da ramin da take ciki. Idan ɗaki ɗaya ne ko bene ɗaya, duba suwicin da ke ba su da kuma wayar da ta haɗa shi da babban suwici. Idan kowa da kowa ne, sai a koma kan wuta, babban suwici, rauta, ko zobe, wanda zan yi dogon bayani a kansa a ƙasa.

Tambaya ta biyu: me aka canza? Wa ya kawo sabuwar na'ura, wa ya ja tebur, wa ya shiga ɗakin suwici jiya? Netwok da ya yi watanni lafiya ba kasafai yake lalacewa haka kawai ba.

Sannan ka riƙa canza abu ɗaya tak a lokaci guda. Wanda ya sauya waya, ya sauya rami, ya kashe ya kunna, duk a tare, ko da abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba, kuma ranar da ya dawo zai sake farawa daga tushe.

Ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Ya ƙone ne?

Ba lallai ba. Gwada soket ɗin da wata na'ura, sannan ka duba adafta. A ƙananan suwici, adafta ta fi saurin mutuwa fiye da akwatin kansa. Idan za ka gwada da wata, karanta rubutun da ke ƙasan suwicin: ƙarfin wutar dole ya zo daidai, ko volt 5 ne ko 9 ko 12, amfiya kuma ta kai abin da aka rubuta ko ta ɗara. Bakin adafta ya shiga ba ya nufin ita ce. Suwici mai ba da wuta ta waya yakan zo da adaftar volt 48 zuwa 54, kuma idan aka soka irinta a ƙaramin suwici na volt 12, to nan fa an ƙona shi da gaske.

Adaftar da ta fara gajiya tana da wata alama: suwici ya kama, ya yi aiki, da zarar zirga-zirga ta yi yawa sai ya mutu ya sake tashi da kansa.

Me launin fitilun yake nufi?

Fitila a tsaye tana nufin an haɗu. Mai ƙiftawa tana nufin saƙo na wucewa. Launi kuwa kowane kamfani da nasa: a wasu, kore gigabit ne, ruwan lemo megabit 100; a wasu kuma ruwan lemo yana nuna an toshe ramin ko yana da matsala. Kada ka yi hukunci da launi sai ka duba takardar samfurinka.

Na soka waya, fitilar ramin ba ta kama ba.

Mayar da wayar wani rami da ka tabbatar yana aiki. Idan ta kama, ramin farko ne. Idan ba ta kama ba, kawo gajeriyar waya da ka yarda da ita, ka ɗauko kwamfutar zuwa gaban suwicin ka haɗa su kai tsaye. Ta kama? To laifin yana cikin wayar bango, ko soket ɗinta, ko kan wayar. Ɗan harshen roba da ke riƙe kan waya idan ya karye, wayar takan zame kaɗan, a ido tana ciki, amma ƙarafunan ba sa taɓa juna.

Ramin da ya ƙi kamawa ma ba lallai ya mutu ba. A suwici mai saiti, wataƙila an kashe shi da gangan, ko kuma suwicin ne ya rufe shi don kare kansa. A na kamfanin Cisco za ka ga an rubuta err-disabled, sai ka nemo dalili, ka kawar da shi, sannan ka ba ramin umarnin shutdown, ka biyo da no shutdown. Idan ka buɗe shi ba ka kawar da dalilin ba, zai sake rufewa.

Batun waya miƙaƙƙiya ko mai giciye, wato ko jerin zaruruwan iri ɗaya ne a kawunan biyu ko an musanya su, ya zama tarihi a yawancin wurare, domin na'urorin yanzu suna juya kansu su daidaita. Sai tsofaffi sosai ne ke damuwa da wannan.

Suwicina gigabit ne, kwamfutar ma haka, amma megabit 100 suke haɗuwa. Me ya sa?

Kusan kullum waya ce. A cikin wayar netwok akwai zare 8 da aka murɗe bibbiyu, wato tagwaye 4. Gudun megabit 100 tagwaye 2 kawai yake amfani da su, masu ruwan lemo da kore, waɗanda ke zaune a ƙarfe na 1, 2, 3 da 6. Gigabit kuwa yana buƙatar duka huɗun. Don haka idan zare ɗaya cikin shuɗi ko ruwan ƙasa ya tsinke, ko bai matsu da kyau a kan wayar ba, na'urori da yawa sai su sauka zuwa 100 shiru, ba wani gargaɗi. Komai na tafiya, sai dai kashi ɗaya cikin goma na gudun da ya kamata.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa. Mai matse kai ya jera zaruruwan yadda ya ga dama, ya yi daidai da haka a ɗaya ƙarshen. Ƙaramar testa za ta nuna fitilu 8 duk sun kama, ya ce aiki ya yi. Amma ƙarfe na 3 da na 6 dole su kasance tagwayen da aka murɗe tare, domin murɗin shi ke kashe hayaniyar lantarki. Idan aka raba su, gajeriyar waya za ta iya wucewa, doguwa kuwa sai kurakurai. Shi ya sa ake bin tsari ɗaya cikin biyu, T568A ko T568B. Jerin T568B shi ne: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa.

Idan wayar ta fita zargi, duba saitin katin netwok na kwamfutar, ko wani ya kafe shi a 100.

Wace waya zan sa, kuma iyakar tsawonta nawa?

Mita 100 daga suwici zuwa na'ura, har da gajerun wayoyin da ke kowane ƙarshe. Cat5e ta isa gigabit. Gigabit 10 yana son Cat6A idan za a cika mita 100, Cat6 kuma takan tsaya wajen mita 55. Abin da nake hana mutane shi ne wayar da aka rubuta CCA a jikinta ko kwalinta: alminiyam ne aka shafa wa tagulla. Tana saurin karyewa, tana kuma cinye wuta a hanya, musamman idan kyamara ce a ƙarshenta. Idan nisan ya wuce mita 100, sa wani suwici a tsakiya ko a ja faiba, wato wayar zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske.

Fitila lafiya, amma tura fayil kamar tafiyar hawainiya.

Fara da tabbatar da ma'auni. Netwok da megabit ake auna shi, kwamfuta kuma megabayit take nunawa lokacin kwafi, kuma bit 8 ne bayit ɗaya. Layin megabit 100 zai ba ka kusan megabayit 11 zuwa 12 a daƙiƙa, gigabit kuma ɗari da 'yan kai. Idan haka kake gani, babu abin gyarawa. Don auna layin shi kaɗai ba tare da faifan ajiya ya shiga lissafi ba, manhajar iperf3 tsakanin kwamfutoci biyu takan nuna kimanin megabit 940 a lafiyayyen gigabit.

Idan da gaske akwai nawa, shiga suwicin ka karanta ƙididdigar ramin. A Cisco umarnin show interfaces ne. Kurakuran CRC, wato saƙonnin da suka iso a lalace, masu hauhawa suna nuna waya, ko kan waya, ko an bi da ita kusa da injin lantarki. Idan kuma ka ga karo na makara, wato late collisions, to ɓangarorin biyu ba su daidaita kan yadda za su yi magana ba. Yana faruwa ne idan aka kafe gefe ɗaya a 100 mai aikawa da karɓa lokaci guda, aka bar ɗayan ya zaɓa da kansa. Wanda aka bari zai gane gudun, amma sai ya ɗauka bi da bi ake magana. Sakamakonsa mai ruɗarwa ne: ɗan saƙon gwaji na ping yana tafiya sumul, babban fayil kuwa ya kasa. Bar duka biyun su zaɓa da kansu, ko ka kafe duka biyun iri ɗaya.

Sai kuma cunkoso. Kwamfutoci 20 a kan suwici ɗaya da ke fita ta waya ɗaya ta gigabit, wannan gigabit ɗin suke rabawa.

Fitilu duka suna ƙiftawa da sauri a tare, komai ya tsaya cak.

Wannan zobe ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Wani ya ga waya tana reto ya soka ta a rami, bai san ɗaya kan nata yana cikin suwicin ba. Ko an haɗa suwici biyu da waya biyu don a ƙara gudu. Ko wayar tarho ta ofis mai rami biyu an soka duka biyun a bango.

Dalilin da abin yake muni shi ne yadda suwici ke aiki. Idan saƙon shela ya shigo, wato wanda aka aika wa kowa, suwici yana fitar da shi ta dukkan ramuka ban da wanda ya shigo ta cikinsa. Idan akwai zobe, saƙon zai fita ya dawo, a sake watsa shi, ya sake dawowa. A matakin rauta kowane saƙo yana da lambar da ke raguwa har ya mutu, amma a matakin suwici babu wannan lambar, don haka ba abin da zai tsayar da shi. Cikin daƙiƙu kaɗan layukan sun cika. Teburin da suwici ke rubuta adireshin MAC, wato lambar shaidar katin netwok, na kowace na'ura da raminta shi ma ya rikice, domin yana ganin na'ura ɗaya yanzu a nan, yanzu a can.

Kashewa da kunnawa ba ya magani. Zai lafa na ɗan lokaci ya dawo. Zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ka fara da masu zuwa wasu suwici, kana jira 'yan daƙiƙu bayan kowace. Wadda ka zare fitilu suka natsu, bi ta har ƙarshenta.

Rigakafinsa ya daɗe da samuwa. Radia Perlman ce ta ƙirƙiro dabarar hana zobe mai suna STP a 1985 lokacin tana aiki a kamfanin DEC, hukumar IEEE kuma ta mayar da ita ƙa'ida a 1990 da lamba 802.1D. Suwici suna aika wa juna ƙananan saƙonni, su gano inda zobe yake, su toshe rami ɗaya, su ajiye shi a matsayin hanyar ko-ta-kwana. Idan suwicinka yana da ita, kunna ta. Ban ga hujjar kashe ta a ofishin da kowa ke iya kai hannu ga waya ba. Yawancin ƙananan suwici marasa saiti ba su da ita, kuma su ne ake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur, inda zoben yake yawan ƙulluwa. Idan kuma waya biyu kake so tsakanin suwici biyu, a ɗaure su da LACP, saitin da ke mayar da su kamar layi ɗaya, a ɓangarorin biyu, da sanin cewa kwafin fayil guda a kan waya ɗaya zai bi, gudunsa ba zai ninka ba.

Duk lokacin da na soka waya sai an yi kusan rabin minti kafin netwok ya zo.

Tsohuwar STP ce: daƙiƙa 15 tana saurare, 15 tana koyo, sannan ta buɗe ramin. Koma RSTP, wato STP mai sauri, wadda ta fito a 2001, kuma ka shaida wa suwicin cewa wannan ramin na kwamfuta ne. Cisco na kiran saitin PortFast. Haɗa shi da BPDU Guard, don ramin ya rufe kansa idan wani ya soka suwici mai aika saƙonnin STP a ciki.

An haɗu, amma babu intanet. Adireshina ya fara da 169.254.

Wannan adireshin kwamfutar ce ta ba kanta bayan ta nemi mai rabon adireshi, wato DHCP, ba wanda ya amsa. Suwici na yau da kullum ba ya raba adireshi, aikin rauta ne ko babbar kwamfutar da ake kira saba. Duba wayar da ta haɗa suwici da rauta, duba ko adiresoshin rabon sun ƙare, duba ko ramin yana cikin VLAN ɗin da ya dace, wato rukunin ramukan da aka ware a saiti ya zama netwok na daban.

Akasin haka ma yana faruwa, har ya fi wahalar ganewa: masu rabo biyu. Wani ya kawo 'yar rautarsa don ya samu Wi-Fi, ya soka wayar bango a ramin LAN ɗinta, wato ramin da aka yi don kwamfutoci. Daga nan duk kwamfutar da ta nemi adireshi, wanda ya riga amsawa shi ta bi. Wasu na da intanet, wasu babu, gobe kuma su sauya. Duba adireshin ƙofar fita, wato gateway, a kwamfutar da ta kasa; idan ba na rautarku ba ne, akwai baƙuwa a netwok. Saitin DHCP snooping yana hana wannan.

Na haɗa modem kai tsaye da suwici, kwamfuta ɗaya ce kawai ta samu intanet.

Kamfanin intanet adireshi ɗaya yakan bayar. Sa rauta tsakanin modem da suwici.

Na raba VLAN, yanzu wasu na'urori ba sa ganin juna.

Rabin wannan ai shi ne aikin VLAN: na'urorin da ke VLAN daban ba za su gana ba sai ta rauta ko suwicin da ke iya aikin rauta. Idan kuwa 'yan VLAN ɗaya ne suka ɓace wa juna, duba wayar da ke tsakanin suwici biyu. Dole a ƙyale wannan VLAN ɗin ya wuce a duka ƙarshen biyu, kuma VLAN ɗin da ke tafiya ba tambari, wato ba a liƙa wa saƙonsa lambar VLAN ba, ya zama iri ɗaya nan da can. A ƙananan suwici masu shafin saiti, mutane kan sa rami cikin VLAN su manta da PVID, lambar da ake liƙa wa saƙon da ya shigo ba tambari. Sai saƙo ya riƙa fita ta VLAN 20 yana shigowa ta VLAN 1.

Kyamara ko na'urar Wi-Fi ba ta samun wuta daga suwici, ko tana mutuwa tana tashi.

Tabbatar ramin yana ba da wuta tukuna, domin suwici da yawa rabin ramukansu ne kawai ke da PoE, wato ba da wuta ta wayar netwok. Sannan ka gwama abin da na'urar ke so da abin da ramin ke iyawa. Ƙa'idar 802.3af ta 2003 tana fitar da watt 15.4 a rami, wanda 12.95 ne aka tabbatar zai isa na'ura. Ta 802.3at ta 2009 ta kai watt 30, 802.3bt ta 2018 kuma 60 har zuwa 90. Na'urar da ke son 30 idan aka ba ta 15, wata ba za ta tashi ba, wata kuma za ta tashi ta kashe wasu sassanta.

Abin da aka fi mantawa shi ne jimillar wutar suwicin. A ce yana da ramuka 8, kowanne zai iya watt 30, amma jimillarsa 60 ce. Kyamarori shida za su iya zama lafiya da rana. Da dare fitilunsu na ganin duhu suka kunna, buƙata ta haura, sai suwici ya yanke wa wasu. Duk kyamarar da ke ɓacewa bayan faɗuwar rana kaɗai, lissafin wuta za a fara yi kafin a hau tsani.

A kuma kula da PoE irin wanda ba ya tambaya, mai volt 24, da wasu na'urorin rediyo ke amfani da shi. Na ƙa'ida yana gwada na'ura da 'yar ƙaramar wuta kafin ya saki sauran, shi ya sa soka laftof a raminsa ba ya cutarwa. Wancan kuwa sakin wutar kawai yake yi ga duk abin da aka soka.

Wuta ta ɗauke, duk saitin da na yi ya ɓace.

Ba a adana shi ba. A suwici da yawa saitin da ke aiki yanzu daban ne da wanda ake tashi da shi. A Cisco, copy running-config startup-config. A masu shafi, nemi maɓallin adanawa, wanda sau da yawa daban yake da na zartarwa. Ajiye kwafi a wajen suwicin ma.

Na kasa shiga shafin saitinsa.

Kwamfutarka tana buƙatar adireshi a rukuni ɗaya da nasa, kuma raminka ya kasance cikin VLAN ɗin gudanarwa. Idan adireshin ya ɓace maka, duba jerin waɗanda rauta ta ba adireshi, ko ka shiga ta ramin konsol, ramin musamman na yin saiti kai tsaye, wanda a yawancin na Cisco gudunsa 9600 ne, a wasu kuma 115200. Maɓallin riset shi ne na ƙarshe, domin yana share komai, har VLAN ɗin da ofis ke tsaye a kai.

Faiba ta ƙi haɗuwa.

Musanya zaren biyu a ƙarshe ɗaya, domin mai aikawa na nan dole ya faɗa kan mai karɓa na can. Tabbatar SFP ɗin biyu, wato 'yan na'urorin da ake zura wa suwici don su karɓi faiba, jinsi ɗaya ne kuma gudu ɗaya: mai hasken nanomita 850 na faibar gajeren zango ne, ba zai yi magana da mai 1310 ba. Goge bakin da abin goge faiba, ƙura kaɗan ta isa ta tare haske. Wasu suwici kuma ba sa karɓar SFP na wani kamfani. Kada ka leƙa cikin zaren da ido don ganin ko akwai haske; ba a ganinsa, kuma yana iya lahanta ido.

To yaushe zan yarda cewa suwicin ne ya lalace?

Idan ka fitar da shi daga netwok, ka ba shi adafta mai kyau, ka haɗa kwamfutoci biyu da gajerun wayoyi da ka gwada, ka mayar da shi saitin masana'anta, amma har yanzu ya kasa. Kafin nan duba zafi: yawancin na ofis an yi su ne don su yi aiki a ƙasa da digiri 40 zuwa 50, kuma wanda aka kulle a akwati marar iska, ko fankarsa ta tsaya, ko ƙura ta toshe shi, yakan tsaya cak da rana ya warke da dare. Idan mai saiti ne, karanta kundin rahotonsa, ka duba ko kamfanin ya fitar da sabuwar manhajar da ta gyara irin matsalarka.

Alamomin mutuwa ta gaske su ne warin ƙuna, tashi da mutuwa ba ƙaƙƙautawa da adafta mai kyau, ko ramuka huɗu ko takwas a jere su mutu tare, domin sau da yawa guntu ɗaya ne ke riƙe da su. Bayan tsawa, ramin da wayarsa ta fita waje shi ke fara tafiya. Rami ɗaya idan ya mutu, liƙe shi da tef ka rubuta a kai, sauran za su ci gaba da aiki. Amma kafin ka mayar da waccan wayar ta waje cikin wani ramin, sa mata abin kare tsawa da aka haɗa da ƙasa, ko ka maye gurbinta da faiba idan gini biyu ta haɗa, tunda gilashi ba ya ɗaukar lantarki.